Guɗar da Yayata Ta Ce Ba Ita Ta Yi Ba

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama da matakala ba, ɗiyar yayata ta samu babban matsayi a wani wasa da sashen kiɗa na jami'arsu ya shirya a nan Greensboro. Opera suke ce masa. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan kwaikwayo ne da kusan komai nasa da waƙa ake faɗa. In mutum zai ce a miƙo masa ruwa sai ya rera, in zai zagi maƙwabcinsa ma sai ya jira masu goge sun ba shi hanya. Wannan kuwa tsohon wasan barkwanci ne na Jamusawa, ya girmi kakannin kakanninmu, aka juya shi zuwa Turanci, aka yi masa kwaskwarima don mutanen nan su gane inda dariyar take.

Yarinyar ita ce 'yar farin yayata, kuma wanda ya tashi a gida ya fara hango inda labarin zai dosa. Yayata mutumiyar Damagaram ce ta gaske, irin wadda zaman Amurka bai rage mata komai ba. Tun da ta haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinta ba. "Ɗiyarki" take ce mini, ko "waccan". In yarinya ta kawo sakamako mai kyau daga makaranta, sai ta ce "to", ta ci gaba da yanka albasa. Ƙannen kuwa ta rungume su, ta kira su da sunan yanka da na wasa. Mu mun san kunyar ɗan fari ce, haka muka ga iyayenmu suna yi. Amma yarinyar da aka haifa a Carolina, ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna ihu a bakin filin wasa da sunan 'ya'yansu rubuce a kwali, ina za ta gane? An yi mata bayani ya fi a ƙirga. Kunne ya ji, zuciya ba ta ji ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, yayata ita ce mai guɗar garin nan. Suna ne, biki ne, walimar gama makaranta ce, daga East Greensboro har McLeansville inda take zaune, ba a cewa taro ya yi armashi sai ta kama hanci ta rangaɗa. An taɓa yin wani biki a zauren haya, guɗarta ta sa mai gadin wurin ya shigo a guje yana neman inda wuta ta tashi. Ɗiyar kowa ta sha guɗar nan. Ɗiyarta ce kaɗai ba ta taɓa samu ba.

Ana saura 'yan makonni a fara wasan, yarinyar ta same ni a gida. Hausarta irin ta yaranmu na nan ce, tana tafiya tana ɗingishi, in ta gaji ta jingina da Turanci.

"Tanti, ina so Mama ta zo ta gani," in ji ta. "In ta gani bai burge ta ba, shi ke nan, na bar waƙa. Zan koma karatun haɗa magunguna kamar yadda kowa yake so. Na gaji da yin abin da ko sau ɗaya bai sa ta murmushi ba."

Na san halinta, kafiyar uwarta ta ɗauko kaf. In ta ce za ta bari, to za ta bari. Na buga ƙirji na ce ta bar komai a hannuna.

Mahaifinta direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanya. Sharaɗinsa biyu ne kawai: kai a rufe, kuma kada wani ƙato ya rungume masa ɗiya da sunan wasa. Mai shirya wasan, wani dattijo mai gashi kamar an yi masa faɗa da iska, ya ce wannan ai kamar an san labarin ne. Matan ƙauyen Jamus na da can ma da kallabi suke yawo, mijin da ke cikin wasan kuma yawancin lokaci a kwance yake a matsayin gawa.

Labarin ke nan: wani baduku ne mai yawan mita, ya sa wa ransa cewa matarsa ba ta damu da shi ba, sai ya yi mutuwar ƙarya don ya ga ko za ta yi kuka. Matar, wato ɗiyarmu, tun da ta ga babban yatsan ƙafarsa na motsi ta gane shiri ne. Sai ta ƙi kukan. Ta ba maƙwabci rigarsa ta kwalliya, ta fara cinikin kayan aikinsa a gaban gadon, ta dafa abincin da ya fi so a duniya, ta zauna kusa da hancinsa tana ci tana waƙa.

Na leƙa gwajinsu sau ɗaya. Badukun wani jibgegen saurayi ne, in ya kwanta a gadon barcin gaske yake yi har da minshari, dattijon nan yana tsalle yana cewa gawa ba ta minshari. Gadon kuma mai taya ne, da an jingina da shi sai ya kama hanyarsa. Ina cikin dariya yarinyar ta buɗe baki. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Yarinyar da na goya, na share wa majina, ita ce ta cika zaure guda da murya ba tare da lasifika ba. Na fito ina cewa a raina, ko dutse ne a ƙirjin Yaya sai ya narke.

Nan ne na yi dabarar da nake ganin ta fi ta kowa. Na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bari in tara mata jama'a, in ta ga kowa na yabo ita ma za ta saki jiki. Na bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya a waya. Mata suka fitar da anko, ruwan goro mai ratsin zinariya. Na kama mana layi biyu can gaba, daf da dandamali, don yarinya ta ga fuskar uwarta da kyau. Ranar Juma'ar da za a buɗe wasan, bayan mun yi magariba, na tsayar da kowa a wurin ajiye motoci na yi musu lacca: ba liƙi, ba magana, ba ɗaukar hoto, ba a tafi sai an ga Turawa sun fara. Ni da ban taɓa ganin opera ba in ban da rabin gwaji, na zama malamar opera.

Muka shiga. Zauren cike da tsofaffin attajiran unguwar Irving Park cikin baƙaƙen kaya, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Sai ga mu, ruwan goro layi biyu, ƙamshin humra da turaren wuta na gaba muna biye.

Dokokina ba su kai ko'ina ba. Ana ɗaga labule, wani Alhaji namu mai sayar da motoci ya sunkuyo ya ce, "Wai su waɗannan ko faɗa za su yi sai da waƙa?" Raɗa ce a wurinsa, amma har masu goge sun ji. Da baduku ya miƙe a gado yatsansa ya fara motsi, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kasa daurewa.

"Ke yarinya, da ransa! Ga ƙafarsa nan tana motsi!"

Turawa suka waiwayo. Ba su ji Hausa ba, amma sun ga hannun Hajiya na nuna yatsan, sai zauren ya ɗauki dariya. Daga nan kamar an kwance musu ɗaure. Da aka zo wurin cin abincin nan, baduku na haɗiyar yawu cikinsa na rawa, Alhaji ya ce, "Maganinsa ke nan!" Wata tsohuwar Baturiya a gabanmu ta yi dariya har da share ido. Mai kafa doka kuwa, ni, muryata ta fi ta kowa tashi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Yaya tana zaune tsakanina da Hajiya, ta ja mayafi har goshi, idonta a bayan kujerar da ke gabanta, carbi na tafiya a hannunta. Hajiya kuma ba ta bar ta ta huta ba, jim kaɗan sai ta zungure ta.

"Kin ga ɗiyarki? Kai, tubarkalla! Kin ji murya?"

"Ɗiyarku dai," in ji Yaya, fuskar ta ƙara ɗaurewa.

Aka gama, baduku ya tashi daga mutuwa saboda yunwa, mata da miji suka shirya, zaure ya miƙe tsaye ana tafi. Yarinyarmu ta fito gaba ta rusuna. Matan layinmu gaba ɗaya suka juyo suna kallon Yaya, kowa na jiran ta kama hanci. Ita kuwa ta duƙa, wai tana neman takalminta. Da na ga shirun zai yi yawa, sai na kama nawa hancin na gwada. Abin da ya fito, Allah ya sani, kamar kazar da aka shaƙe. Hajiya ta dube ni ta ce, "Lafiya?" Yarinyar tana murmushi tana rusunawa, amma na ga inda idonta ya tsaya. Ni na zaɓi kujerun, ba abin da ya ɓoye mata.

A bakin ƙofa wata Baturiya ta zo da fara'arta tana tambayar wace ce uwar yarinya. Yaya ta nuna ni ta ce, "Ga ta nan." Ni na sha runguma, ni na karɓi fure. Da yarinyar ta fito, kowa na yi mata sambarka, abin da uwarta ta ce mata kawai shi ne, "Akwai tuwo a firji."

Washegari da safe yarinyar ta kira ni. Ba ta yi doguwar magana ba, muryarta ta nuna ta sha kuka.

"Tanti, kin gani da idonki. Gobe Lahadi ne wasan ƙarshe. Zan yi shi don na yi alkawari, daga nan na gama."

Na ɗauki mota sai McLeansville, raina a ɓace. Na tarar da Yaya a kicin tana tsinke zogale. Ko zama ban yi ba na fara zuba. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ɗago.

"Ke kika tara mini gari," in ji ta. "Hajiya a dama, Alhaji a baya, matan da na yi wa 'ya'yansu wankan jego duk sun zuba mini ido. A gabansu kike so in buɗe baki in yi wa abin da na fara haifa guɗa? Su koma su ce me? Kin taɓa ganin Inna ta yi mini?"

"Yaya, nan Amurka ce."

"Fuskata ba ta Amurka ba ce."

"To za ta bar waƙar. Ta ce gobe ce ta ƙarshe."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta, sai dai na ga tana zuba ganyen a kwandon shara, itacen a kwano. Na juya na fito. A hanya ne na gane aikin da na yi. Garin neman gira na rasa ido: duk mutum ɗaya da na gayyato, ƙarin ƙulli ne na yi wa bakin Yaya.

Wasan Lahadi da rana ake yi. Ban gaya wa kowa ba, na ce bari in je ni kaɗai, kada yarinya ta duba ta ga ba nata ko ɗaya. Na yi azahar na fito, kuma kamar kullum na makara. Ina zagaye ina neman wurin ajiye mota, sai na ga wata mota an gicciye ta, ta cinye wurin mota biyu. Na buɗe baki zan yi tsaki, sai na ga carbi ruwan toka rataye a madubi. Na san carbin nan. Motar Yaya ce. Matar da tuƙinta bai wuce wurin aiki da masallaci ba, wadda in ta hango babban titi take fara salati, ita ce ta tuƙo kanta har tsakiyar gari.

Da yake an riga an fara, mai duba tikiti ta ce ƙasa ba shiga, sai dai bene. Na hau ina haki. Idona na sabawa da duhu na hango ta can gefe, tsakanin wani tsohon Bature mai na'urar ji a kunne da wasu mata biyu masu furfura. Ba ko baƙar fata ɗaya kusa da ita, balle wanda ya san ta. Na lallaɓa na zauna a layin bayanta, na ja gyalena na rufe rabin fuska.

Jama'a, ashe yayata ta iya dariya haka? Mayafi ya zame ya koma kafaɗa. Yatsan baduku na motsi ta dafe ciki, ta zunguri tsohon nan tana nuna masa, kamar shi bai da ido. Da aka zo cin abinci ta buga cinya ta ce, "Yawwa, ci abinki!" Da yarinyar ta fara doguwar waƙarta ta ƙarshe, wadda take gaya wa mijin cewa tun farko ta san da ransa, na ga leɓen Yaya na tafiya tare da ita. Ba ta san kalmomin ba, amma karin waƙar ba inda ta kuskure. Wata da watanni yarinya na bita a ɗaki, ashe ana saurare daga kicin.

Labule ya sauka ya sake ɗagawa, 'yan wasa suka jeru. Yarinyarmu ta fito gaba, ta rusuna, ba ta ma dubi jama'a sosai ba. Yaya ta miƙe. Ta gyara zani, ta kama hanci.

Na sha jin guɗar Yaya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ta taso daga bene ta ratsa zauren nan kaf, doguwa, ba gargada. Tafi ya tsaya cak. Mai jagorantar makaɗa ya juyo da sandarsa a sama. Baduku ya yi baya har ya bangaji gadon, gado ya kama hanyarsa. Ita kuwa yarinyar, ta ɗago kai a hankali, ta ɗora hannu a ƙirji, tana kallon duhun benen. Ba za ta iya ganin kowa daga can ba, ba ta kuma bukatar gani. Muryar da ta ji ana yi wa 'ya'yan mutane tun tana rarrafe, yaya za ta ɓace mata? Sai hawaye, kwalliyar fuska ta bi ta dame.

Turawan suka ɗauka wani sabon salon yabo ne, tafi ya dawo ya ninka na farko. Tsohon mai na'ura ya dubi Yaya baki buɗe. Ta nuna dandamali, ta nuna ƙirjinta, ta ce masa da guntun Turancinta, tawa ce, ta farko. Sannan ta faɗa masa sunan yarinyar. Sarai na ji, da kunnena. Ya ce bai ji ba, ta matsa kusa da na'urar ta sake faɗa da ƙarfi. Nan na cusa gyale a baki don kada kukana ya tona ni.

Kafin a kunna fitilu ta sulale ta fice. Ban bi ta ba.

Na jira yarinyar ta canza kaya, na ɗauke ta muka nufi gida. Duk hanya sai murmushi take da jan hanci. Muka tarar da motar Yaya a ƙofar gida, na dafa ta na ji da zafinta. Ita kuma tana kicin da zanin gida, tana haɗa kwaɗon zogale da ƙuli, abin da yarinyar ta fi so, kamar wadda ba ta taka ko'ina ba.

"Mama, ke ce?" in ji yarinyar.

"Ni ce me?"

"Guɗar."

"Wace guɗa? Ni tun safe ina nan." Muryar a dashe take. "Wata ce dai cikin Turawan nan. Ai suna koyon abubuwa yanzu."

Yarinyar ba ta ƙara tambaya ba. Ta je ta bayanta ta rungume ta, ta kwantar da kai a kafaɗarta. Yaya ta dube ni ta ce, "Ke, zo ki ɗauke ɗiyarki, za ta ɓarar mini da kwano." Amma ba ta motsa ba, kuma hannunta mai ƙuli-ƙuli yana kan hannun yarinyar, ta riƙe gam.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Na yarda, amma ban da fuskar uwar ɗan fari a cikin mutanenta. Na daɗe ina ganin al'adar nan nauyi ce kawai da muka ɗauko daga gida muka ɗora wa yaran da ba su san dalilinta ba, kuma har yau ina ganin da sauƙi-sauƙi za a iya rage ta. Sai dai tun ranar nan na daina yi wa Yaya kallon mai taurin zuciya. Ni da nake ta surutun ƙauna, waya kawai na buga. Ita ce ta hau babban titi.

Yarinyar ba ta bar waƙa ba. Yanzu tana koyar da ita, tana kuma fitowa a wasa lokaci zuwa lokaci. Ni har yanzu ban iya guɗa ba, an ma roƙe ni in daina gwadawa. Yaya kuwa ko gobe ka tambaye ta za ta ce ba ita ba ce. Amma duk wasan da yarinyar za ta yi a garin nan, mu da Hajiya da Alhaji ranar Juma'a ake gayyatarmu, mu sha ankonmu mu je mu yi surutunmu. Ta Lahadi ba mai zuwa a cikinmu. Ba wanda ya taɓa hana mu, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili. Mun dai san akwai kujera ɗaya a bene, kuma mai ita ba ta son a gan ta.